Tambaya kan ziyarar lardin Krabi da tsibiransa tare da iyali

Baban Khalifa, Gwarimpa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san kudancin ƙasar Tailan, musamman lardin Krabi da tsibiran da ke kusa da shi. Harkar kasuwanci ta sha kai ni Bankok, amma ban taɓa wuce unguwannin kasuwa da masaukina ba, kuma a bana na yi wa iyalina alkawarin cewa zan tafi da su su ga teku da idonsu. Mu biyar ne: ni da uwargida da yara uku, ƙaramarsu shekararta shida, kuma babu wanda ya iya iyo a cikinmu in ban da ni, ni ɗin ma iyon kududdufi ne na zamanin ƙuruciya.

Niyyata ita ce mu tafi a dogon hutun makaranta na watan Agusta, domin shi ne lokacin da kowa yake da sarari. Wani abokin cinikina ya ce in kama masauki a tsibirin Phi Phi kai tsaye, tunda hotunansa ne suka cika intanet, wani kuma ya ce in zauna a garin Ao Nang da ke bakin teku in riƙa shiga tsibiran da rana ina dawowa. Abin da nake son sani shi ne wanne ya fi dacewa da mai iyali, yaya batun abincin halal da wurin sallah yake, sannan waɗanne wurare ne suka cancanci wahalar zuwa, waɗanne ne kuma sunansu ya fi su girma. Duk wanda ya san wani abu kan biza ga mai fasfon Najeriya da zai tafi da yara, shi ma zan ji daɗin bayaninsa. Allah ya saka da alheri.

Malam Na-Wuse

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a zo batun masauki, akwai abin da ya fi shi muhimmanci a cikin tambayarka, wato watan da ka zaɓa. Krabi tana gaɓar Tekun Andaman ne, a yammacin zirin kudancin Tailan, kuma daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba iskar damina tana kaɗowa daga kudu maso yamma, ta taso kai tsaye daga teku ta doki wannan gaɓa. Ba wai ruwan sama yake yini yana zuba kullum ba, sau da yawa yakan sauko da ƙarfi na awa ɗaya ko biyu ya ɗauke, rana ta fito. Matsalar tana cikin tekun ne. Igiyar ruwa takan yi ƙarfi, ruwan ya gurɓace har ba a ganin kifaye da murjanin da aka biya kuɗi domin a gani, ana kafa jajayen tutoci a bakin ruwa alamar an hana shiga, kuma wata rana hukuma takan hana ƙananan jirage fita baki ɗaya. Wasu tsibiran da ke ƙarƙashin gandun gwamnati, irin su Koh Rok, ana rufe su tsawon damina. Shahararren mashigin tekun nan na Maya Bay da ke tsibiran Phi Phi ma a 'yan shekarun nan ana rufe shi a watannin Agusta da Satumba domin wurin ya huta. Ka ga ke nan Agustan da ka zaɓa ya faɗa tsakiyar lokacin da abin da ya kai ka ya fi wuyar samuwa.

Lokacin da tekun yake kwance luf shi ne daga Nuwamba zuwa Afrilu. Idan da hali, ka mayar da tafiyar hutun Disamba, sai dai ka san cewa daga tsakiyar watan zuwa farkon Janairu Turawa masu gudun sanyin ƙasashensu suna cika ko'ina, kuɗin ɗaki yana tashi ƙwarai, kuma sai an kama tun da wuri. Hutun ƙarshen zango na biyu, wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ya fi sauƙin kuɗi, tekun ma yana da kyau, illa dai zafi ne mai haɗe da gumi, wanda mutumin Abuja ba zai ce bai san irinsa ba. A tuna kuma cewa daga 13 zuwa 15 ga Afrilu ake bikin sabuwar shekararsu, Songkran, inda ake watsa wa duk mai wucewa ruwa ba tare da an tambaye shi ba, don haka wanda ya fito da shadda mai sitati ya kuka da kansa.

Batun masauki kuwa, ni ina bayan abokinka na biyu. Ao Nang tana kan tudu ne, ana zuwa da mota daga filin jirgin saman Krabi, akwai kantunan magani da asibitoci a kusa, kuma daga bakin ruwanta kwalekwale suke tashi zuwa kusan duk inda kake so. Idan gari ya waye da hadari, sai ka fasa fita teku ka ɗauki mota ka nufi cikin lardin, ba ka yi asarar ranar ba. Wanda ya kwana a tsibiri kuwa, idan teku ya ƙi, shi da ɗakinsa ne.

Abin da ya bambanta Krabi da sauran wuraren shaƙatawa na bakin teku shi ne duwatsunta. Manyan duwatsun farar ƙasa ne masu miƙewa sama tsaye, kawunansu lulluɓe da daji, wasu a tsakiyar gonakin roba da na kwakwar manja, wasu a tsakiyar ruwa, kamar a ce an ɗauko dutsen Zuma an dasa shi cikin teku, sannan aka jera masa 'yan uwa. Railay ita ce wurin da za ka fara gane wannan da kyau. Ba tsibiri ba ce, haɗe take da tudu, amma duwatsun sun datse ta ta baya har babu hanyar mota, dole sai ta ruwa, tafiyar kamar minti goma sha biyar daga Ao Nang. Kwalekwalen nasu na katako ne dogo, an ɗaura wa goshinsa ƙyallaye masu launi, injin kuma yana baya a kan wani dogon ƙarfe da matuƙin yake juyawa da hannu, ƙararsa tana cika kunne. A Ao Nang babu gadar hawa, sai kowa ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa kafin ya taka ɗan tsanin da ke gefen jirgin, saboda haka a sa takalmin roba, a kuma zuba wayoyi da fasfo cikin jakar da ruwa ba ya shiga.

Game da takardu, ofishin jakadancin Tailan yana nan Abuja, kuma yanzu ta intanet ake cike neman bizar. An daɗe ana buƙatar ɗan Najeriya ya haɗa da takardar wankewa daga hukumar NDLEA, wadda samunta yake ɗaukar lokaci, don haka da ita ake farawa. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga kowa, har da yaran, ana duba shi a teburin jami'an lafiya kafin a wuce shige da fice. Tun watan Mayun 2025 kuma akwai katin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwanaki uku kafin a sauka. Daga Abuja ana bi ta Adis Ababa ko Doha zuwa Bankok, daga nan jirgin cikin gida bai kai awa ɗaya da rabi ba zuwa Krabi. Agogonsu yana gaban namu da awa shida, yaran za su sha barcin rana a farko.

Hajiya Maman Ilham, Kubwa

Alhaji, Malam ya gama magana kan lokaci, ni zan ɗauki ɓangaren da uwargida za ta fi damuwa da shi. Ka kwantar da hankalinta, domin Krabi ba kamar yadda ake zato ba ce. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen lardin Musulmi ne, kuma a ƙauyukan bakin ruwa su ne ma suka fi yawa. Yawancin matuƙan kwalekwale da matan da ke soya abinci a bakin titi Musulmi ne, matan da lulluɓinsu. A kan babban titin da ke gangarawa bakin ruwan Ao Nang akwai babban masallaci, ana jin kiran sallah daga masaukan da ke kewaye, kuma a gefensa rumfunan abincin halal suke jere da yamma. Shawarata ita ce a kama masauki a wannan ɓangaren na sama maimakon can bakin ruwa inda gidajen giya da kiɗa suka fi yawa, ga shi ya fi araha, ga shi ƙafa ma tana kai mutum bakin teku. Mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla a karatu, yana kuma alƙunutu a bayyane da asuba, mutane suna amsawa da amin. Ka sanar da yara maza tun daga gida don kada su tsaya kallo a cikin sahu.

Abinci ba zai ba ku wahala ba idan kuka lura da abu biyu: ko dai mai sayarwar Musulma ce, ko kuma akwai tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, wanda rubutun Larabci ne a cikin zane mai kusurwa huɗu. Inda babu ɗayan biyun a yi hattara, saboda naman alade yana shiga girkinsu da yawa, har a romon miya da abin da ake zaton kayan lambu ne zalla. Abin da yaranku za su fi karɓa shi ne shinkafar da suke kira khao mok kai, dafa-duka ce mai kurkum da kaza, ana ba da ita da ɗan romo da yankakken kokwamba. Akwai miyar massaman, wadda asalinta ta Musulmi ce, mai madarar kwakwa da gyaɗa da dankalin Turawa, ba ta da yaji sosai. Sai kuma roti, wanda na fi son kallon yadda ake yin sa fiye da cin sa: matar takan ɗauki ɗan curin ƙullu ta riƙa maka shi a kan faranti har ya yi shara-shara, ta shimfiɗa a kan tanda mai zafi, ta yanka ayaba a tsakiya, ta naɗe gefunan huɗu, ta juya, sannan ta yayyanka ta kwarara madarar gwangwani a kai. Barkonon kudancin Tailan kuwa ya wuce wasa, ko mu da muke alfahari da cin yaji sai mun nemi ruwa, don haka a ce a rage wa yara tun kafin a ɗora tukunya.

Wurin da nake roƙon kada ku tsallake shi, ko da yake ba ya cikin hotunan da ake yaɗawa, shi ne Koh Klang. Tsibiri ne da ke tsallaken kogi daga cikin garin Krabi, 'yan mintoci ne a kwalekwale, kuma kusan duk mazaunansa Musulmi ne masunta da manoma. Babu motoci, sai babura da masu ƙafa uku, ba a sayar da giya, kuma akwai allunan da ke roƙon baƙi su sa suturar mutunci. Suna noman shinkafa a ƙasar da ruwan gishiri yake taɓawa, mata suna yin rinin zane da kakin zuma, maza suna sassaƙa ƙananan kwalekwale na ado. A kan hanya matuƙi zai ratsa da ku ta cikin dajin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, ya kuma nuna muku tagwayen duwatsun Khao Khanab Nam da suka sa kogin a tsakiya, waɗanda su ne alamar garin. Akwai gidajen abinci da aka gina a kan ruwa inda ake kiwon kifi a cikin raga, a kamo wanda ka nuna a gasa maka. A can ne uwargida za ta zauna da mayafinta ba ta ji kanta baƙuwa ba.

Abu biyu na gargaɗi. Na farko, a bakin ruwan Railay da tsibiran, Turawa suna kwance da kayan wanka da ba su rufe komai ba, babu yadda za a yi a kauce wa ganinsu, sai dai a fita da sassafe kafin su cika wurin. Mu dai muna shiga ruwa da doguwar riga da wando masu saurin bushewa, kamar yadda baƙi daga Malesiya suke yi, babu mai ɗaga kai ya dube mu. Na biyu, a ƙarshen yashin Phra Nang da ke Railay akwai wani ɗan kogo da masunta suke kai sadaukarwa ga wata aljana da suka yi imani da ita, kuma an cika shi da sassaƙen itace masu siffar al'aurar namiji. Yashin wurin yana da kyau ƙwarai, amma a riƙe hannun yara a tsaya ta ɗaya gefen.

Injiniya Ɗan Bauchi

Ina girmama ra'ayin Malam da na Hajiya, amma ina ganin an ɗan danne haƙƙin Phi Phi. Gaskiya ne ƙauyen Tonsai da ke tsibirin cunkushe yake, lunguna ne matsattsu, kuma da dare kiɗa ba ya barin mutum ya runtsa, ban ce a kai yara su kwana a nan ba. Sai dai wanda ya zo da jirgin yawon rana yana isa ne daidai lokacin da kowa ya isa, ya tarar da jirage jere kamar ana rabon wani abu, a ba shi ɗan lokaci a ce ya koma. Wanda ya kwana a ɓangarorin tsibirin da ke nesa da ƙauyen yana iya ɗaukar kwalekwale bayan sallar asuba ya shiga tafkin Pileh, inda duwatsu suka kewaye ruwan kore shar, tun kafin ayarin masu yawon buɗe ido daga tsibirin Phuket da Ao Nang ya iso. Babban jirgin fasinja daga Krabi yana ɗaukar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ya fi jirgin gudu kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Akwai masallaci a tsibirin, domin asalin mazaunansa Musulmi masunta ne.

Maya Bay kuwa, tun da wani fim na Amurka da ya fito a shekarar 2000 ya tallata ta, dubban mutane suka riƙa tururuwa kullum har murjanin wurin ya lalace. Gwamnati ta rufe ta a watan Yunin 2018, ba a sake buɗewa ba sai Janairun 2022. Yanzu jirage ba sa shiga ta gaba, ana sauka ta bayan tsibirin a bi gadar katako, kuma an hana iyo, iyakarka ka tsoma ƙafa. Ƙananan kifayen shak sun dawo suna yawo a gefen ruwan, ni wannan ya fi burge ni fiye da yashin. Wanda ya je da niyyar wanka zai ji an cuce shi. Ana biyan kuɗin shiga gandun, baht 400 a kuɗin ƙasar ga baƙo babba, rabin haka ga yaro, kuma sau da yawa ba ya cikin kuɗin da dillali ya faɗa maka, a tambaya tun kafin a biya.

Duk wanda ya hau tudun kallo na Phi Phi Don, wato babban tsibirin, zai ga cewa ƙauyen Tonsai yana kan wani siririn yashi ne tsakanin mashigai biyu. Ta ɓangarorin biyu ruwan tsunami ya afka masa ranar 26 ga Disamba 2004, mutane da yawa suka rasu. Yanzu akwai shuɗayen alluna masu nuna hanyar gudu zuwa tudu a duk gaɓar lardin, ya kamata mai iyali ya lura da wadda ta fi kusa da masaukinsa a ranar da ya sauka.

Baban Khalifa, Gwarimpa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara zumunci. Mun tattauna da uwargida, mun mayar da tafiyar hutun Disamba, kuma za mu sauka kusa da masallacin da Hajiya ta ambata. Saura tambaya ɗaya, ranka ya daɗe Malam: da yaran da ba su iya iyo ba, wace fita teku ce ta fi aminci, kuma me za mu yi a cikin lardin ranar da ba mu shiga ruwa ba?

Malam Na-Wuse

Alhaji, ka fara da abin da suke kira yawon tsibirai huɗu, domin duk suna kusa da Ao Nang, ba a yin nisa cikin teku. Akwai Poda mai farin yashi da inuwar itatuwa, akwai wanda ake ce wa tsibirin kaza saboda wani dutse da ya miƙe kamar wuyanta, sai Tup da Mor. Idan ruwa ya janye, wata hanyar yashi takan fito ta haɗa uku daga cikinsu, mutum ya taka da ƙafa daga wannan tsibiri zuwa wancan, ruwa iya idon sawu. Wannan ya dogara ne da lokacin janyewar ruwa, wanda yake sauyawa kullum, ya kuma fi kyau a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa, saboda haka ka tambayi matuƙi kafin ku tsayar da rana. Tunda ku biyar ne, ɗaukar shatar kwalekwale guda ya fi shiga ayari, kai ne za ka ce a tsaya, kai ne za ka ce a tashi, har ku samu inda za ku yi sallar azahar a natse. Kada ka yarda a tashi sai ka ga rigar kariya daga nutsewa daidai jikin ƙaramar. Na taɓa ganin matuƙin da ya miƙo wa yarinya ta manya ya ce ba komai, alhali irin wannan tana zamewa ta kai da zarar an faɗa ruwa. Idan babu, akwai ta sayarwa a kantunan bakin titi. An hana ba kifaye abinci da ɗaukar murjani ko taka shi, kuma ana cin tara mai nauyi a kai. Biran wasu tsibiran suna fizge leda daga hannun yara, suna kuma cizo, kada a riƙe abinci a gabansu.

Ranar hutun teku ku nufi gundumar Khlong Thom, tafiyar kamar awa ɗaya daga garin Krabi. A can akwai Sa Morakot, wani tafki mai ruwa garai-garai a tsakiyar daji, ana isa ta hanyar katako a ƙarƙashin manyan itatuwa, sai dai gefensa yana da santsi kuma tsakiyarsa ta fi ƙarfin yaro. Kusa da shi akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke gangarowa ta kan duwatsun da ruwan ya rarake suka zama kamar kwatarniya, mutum ya zauna a ciki. A je da safe, kuma a guji Asabar da Lahadi, domin 'yan ƙasar ma can suke kai iyalansu. Wat Tham Suea wurin ibadar mabiya addinin Buddha ne mai matakala sama da 1,200 zuwa ƙolin dutse, ana hango lardin duka daga sama, amma hawan ba na yarinya 'yar shekara shida ba ne, ban kuma ga dalilin wahalar da ita ba. Hayar babur da ake tallatawa ko'ina ka bar wa samari, tuƙin hagu suke yi, kuma wasu masu hayar suna riƙe fasfo a matsayin jingina. Ka ɗauki mota da direba na yini, ka yi ciniki da shi tun daren jiya, ka kuma gaya masa ya tsaya muku a kasuwar dare ta garin Krabi a kan hanyar dawowa idan ranar ta faɗo ƙarshen mako.